Gautsin Ƙarfen Zubi da Danƙon Nikel

Shekarun baya aka ajiye mini wani famfon ruwan gishiri a kan teburin aiki, wanda ya suɓuce wa masu sauke kaya ya faɗi a kan daɓen siminti daga tsayin da bai kai ƙirjin mutum ba. Gangar jikinsa ta ƙarfen zubi ce, wato wanda masu walda ke kira kas, kuma ta rabe gida biyu ba tare da ko alamar lanƙwasa ba, har idan aka haɗa ɓarin biyu sai su zauna daram kamar ba abin da ya same su. Na duba bakin karayar na ga launinsa toka-toka ne, da ƙananan ƙwayoyi masu ɗan ƙyalli, da na goga yatsa a kai kuwa sai ya fito baƙi kamar na murza bakin fensir. Sandar da ke juya farfelar famfon, wadda aka yi da Monel, wato gaurayen nikel da jan ƙarfe, ita ma ta sha wannan faɗuwar, amma lanƙwashewa kawai ta yi, babu tsaga ko guda a jikinta. Mai famfon ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yanke hukunci cewa ƙarfen zubi ƙarfen banza ne, kuma da masu ƙera famfon sun san abin da suke yi da sun yi shi duka da irin ƙarfen sandar. Ban yarda da shi ba a ranar, kuma duk abin da na ƙara sani game da waɗannan ƙarafa biyu daga baya bai sa na sauya ra'ayi ba.

Baƙin da ya shafi yatsana shi ne mabuɗin fahimtar ƙarfen zubi. Shi ƙarfen zubi baƙin ƙarfe ne da aka narka da kabon mai yawa, tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, da silikon kashi 1 zuwa 3. Ƙarfe ba ya iya riƙe kabon mai yawan haka a cikin jikinsa idan ya daskare, saboda haka rarar sai ta ware ta zama girafayit, wato sinadarin nan da ake yin bakin fensir da shi. A cikin nau'in da ya fi yawa, mai launin toka, girafayit ɗin yana kwanciya ne a siffar ƙananan ɓawo masu kaifin baki, a barbaje ko'ina cikin ƙarfen. Girafayit ba shi da wani ƙarfi, don haka kowane ɓawo tamkar tsaga ce da aka haifi ƙarfen da ita. Idan aka ja shi, nauyin sai ya taru a kaifin waɗannan ɓawo, tsaga ta tashi daga wannan ta tarar da wancan, kafin ƙiftawar ido ta ratsa ƙarfen gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ƙarfen zubi mai launin toka ba ya miƙewa ko da kashi 1 cikin ɗari kafin ya tsinke, kuma ƙarfinsa a wajen ja yana tsayawa ne tsakanin megafaskal 150 zuwa 350 (megafaskal shi ne ma'aunin nauyin da ƙarfe ke iya ɗauka), gwargwadon darajarsa. Amma idan danna shi aka yi maimakon ja, tsagogin rufewa suke yi, sai ya ɗauki nauyin da ya ninka wancan sau uku zuwa huɗu.

Magina gadoji a Ingila sun koyi wannan bambanci da tsada. Gadar ƙarfen zubi da Abraham Darby na uku ya kafa a kan kogin Severn a shekarar 1779 tana nan tsaye har yau, domin baka ce, kuma a ginin baka yawancin nauyin dannawa yake yi. Gadar jirgin ƙasa ta kogin Dee a garin Chester kuwa, wadda Robert Stephenson ya tsara, an shimfiɗa ta ne da dogayen ginshiƙan ƙarfen zubi a kwance, kuma duk ginshiƙin da ke kwance aka ɗora masa nauyi, ƙasansa ja yake sha. A shekarar 1847 ɗaya daga cikinsu ya karye a ƙarƙashin jirgi, mutum biyar suka rasa rayukansu. Ƙarfen iri ɗaya ne a gadojin biyu, abin da aka nema daga gare shi ne ya bambanta.

Gaurayen nikel ba su da wannan rauni, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin zarrar nikel suke jeruwa. Jerin nasu yana barin sahu-sahu su zame a kan juna ta fuskoki da yawa, saboda haka idan nauyi ya fi ƙarfin ƙarfen sai ya miƙe ko ya lanƙwashe kafin ya tsinke. Monel 400, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa nikel ne saura kuma yawanci jan ƙarfe, yana miƙewa fiye da kashi 30 cikin ɗari kafin ya rabu. Inconel 718, wani gaurayen nikel mai kuromiyom, idan aka gasa shi yadda ya kamata yana wuce megafaskal 1200 a wajen ja, kuma duk da haka ba ya rasa danƙonsa. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan danƙo ba ya gushewa a cikin matsanancin sanyi, inda sitil na yau da kullum yake komawa mai gautsi kamar gilashi. Shi ya sa tankunan da ake ajiye iskar gas da aka mayar ruwa, a sanyin digiri 162 ƙasa da sifili, ake yin su da sitil mai nikel kashi 9, ko kuma da Invar mai nikel kashi 36. Shi wannan Invar, wanda Charles Édouard Guillaume ya gano a shekarar 1896 har ya samu kyautar Nobel a 1920, kusan ba ya kumbura ko tsukewa da sauyin zafi, domin motsinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na motsin ƙarfen zubi.

Da a nan maganar ta tsaya da mai famfon ya yi gaskiya. Sai dai girafayit ɗin nan da ya sa gangar famfon ta fashe, shi ne kuma ya ba ƙarfen zubi kusan duk kyawawan halayensa, kuma wannan ɓangaren ne masu kwatanta ƙarafa da alƙaluman ƙarfi kaɗai suke tsallakewa. A rataye sandar sitil a buga ta da guduma, za a ji ta yi ƙara tana amsa amo na ɗan lokaci. A buga ƙarfen zubi mai launin toka, sai a ji wani gajeren sauti kawai ya mutu nan take, domin ɓawon girafayit suna shanye girgiza. Wannan shanye girgiza ne ya sa ake zuba gindin manyan injinan sassaƙa ƙarfe da shi, tun da injin da ke karkarwa ba ya iya yanka daidai, kuma shi ne dalilin da ya sa buloki na manyan injinan dizal har yau yawanci na ƙarfen zubi ne. Girafayit yana kuma kai zafi da sauri. Ƙarfen zubi mai launin toka yana wuce da zafi a ma'aunin wat 50 a kowace mita a kowane digiri, ko kusa da haka, alhali Inconel bai fi 11 ba, wato kusan ninki biyar ke nan. Faifan birkin mota yana ɗaukar zafi mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma dole ya watsa shi cikin jikinsa da hanzari kafin fuskarsa ta ƙone. Da za a yi shi da Inconel, da zafin ya taru a fuskar da ke gogayya, ga ƙarin nauyi a banza, tun da ƙarfen zubi yana auna kusan giram 7.2 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, gaurayen nikel kuwa daga 8.2 zuwa 8.8.

Sai kuma maganar aiki da su, wadda a wurina ita ce ta fi kowace nauyi, domin ƙarfen da ba a iya sarrafa shi cikin sauƙi ba ya amfanar kowa komai ƙarfinsa. Yawan kabon yana saukar da zafin narkewar ƙarfen zubi zuwa tsakanin digiri 1150 da 1200, nikel zalla kuwa sai ya kai 1455. Narkakken ƙarfen zubi yana gudana sosai, yana shiga kowane lungu na gurbin yashi, kuma yayin da yake daskarewa girafayit ɗin da ke fitowa yana kumbura ya cike wani ɓangare na tsukewar da ƙarfe ke yi, sai abin da aka zuba ya fito a cike da siffar da ake so. Wannan sauƙi ne ya sa mutanen Sin suka iya zuba shi tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, da murhun da ba zai taɓa narka nikel ba. Gaurayen nikel na injin jirgin sama kuwa sai an narka su a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, domin alminiyom da titaniyom da ke cikinsu suna ƙonewa da zarar sun haɗu da iska a wannan zafi.

A kan injin sassaƙa ma haka abin yake. Ƙarfen zubi yana yankuwa a bushe, ba ya buƙatar ruwan sanyaya, burbushinsa yana zubowa gari-gari saboda ɓawon girafayit suna karya shi, suna kuma zama kamar man shafawa ga wuƙar injin. Iyakar ƙorafin mai aiki shi ne baƙar ƙurar da ke shiga farce da hanci. Ranar da na fara yanka Inconel kuwa na yi kuskuren da kusan kowa ke yi, na sassauta hannu don in lallaɓa shi, na bar wuƙar tana gogar fuskarsa maimakon ta nutsa. Cikin ɗan lokaci fuskar ta taurare, domin wannan ƙarfe ƙara tauri yake yi duk inda aka matsa masa, zafin kuma da ba ya iya watsawa ya taru a bakin wuƙar har ta yi ja ta dakushe. Na lalata baki uku kafin na gane cewa sai an rage gudun injin sosai, an nutsa wuƙar ta wuce fatar da ta taurare, an kuma kwarara ruwan sanyaya ba ƙaƙƙautawa. Aikin da zai ɗauki minti goma a ƙarfen zubi yana iya cin sa'a guda a nan, kuma wannan lokacin da waɗannan wuƙaƙe duk suna hawa kan tsadar ƙarfen, wadda tun asali ta ninka ta ƙarfen zubi sau da yawa.

To me ake saya da wannan wahala? Abu na farko shi ne juriyar zafi, kuma a nan babu gasa tsakaninsu ko kaɗan. Da zarar ƙarfen zubi na yau da kullum ya wuce digiri 400 zuwa 500, ƙarfinsa yana raguwa, kuma idan ana yawan ɗora masa zafi ana saukewa sai ya riƙa girma a hankali ba tare da komawa yadda yake ba, saboda kabon da ke ɗaure a jikinsa yana warewa ya zama ƙarin girafayit, iska kuma tana bin hanyoyin ɓawon ta shiga ciki ta ci shi. Wanda ya taɓa cire tsohon bututun hayaƙi daga kan inji ya tarar ramukan ƙusoshinsa sun daina dacewa da na injin, ya ga wannan girma da idonsa. Gaurayen nikel masu kuromiyom suna yi wa kansu wata siririyar fata mai kare su daga iska, kuma a kan wannan ne Albert Marsh ya gina haɗinsa na nikel da kuromiyom a shekarar 1906, wanda har yau shi ne wayar da ke yin ja a cikin na'urorin ɗumama na lantarki. Daga irin wannan haɗi ne aka samar da Nimonic a Ingila a farkon shekarun 1940, lokacin da injin jet na Frank Whittle yake buƙatar ƙarfen da zai jure zafinsa. Sirrin shi ne ɗan alminiyom da titaniyom da ake ƙarawa, waɗanda suke haɗuwa da nikel su samar da ƙananan ƙwayoyi masu tsari a cikin ƙarfen, kuma waɗannan ƙwayoyi suna da wani hali da ya saɓa wa na sauran ƙarafa, wato ƙarfinsu ƙaruwa yake yi yayin da zafi ke hawa, har zuwa kusan digiri 800. Inconel 718 yana riƙe kusan megafaskal 1000 a zafin digiri 650, zafin da ƙarfen zubi ya daɗe da sallamawa. A injinan jiragen sama na zamani, iskar da ke dukan fikafikan farfelar ciki ta fi zafin narkewar fikafikan kansu, kuma abin da ke tsare su shi ne ƙananan hanyoyin iska mai sanyi da aka huda a cikinsu da rufin yumɓu na musamman da aka yi musu. Ana ma zuba kowane fiffike ya daskare a matsayin ƙwaya ɗaya tak, don kada a samu iyakokin ƙwayoyi da za su riƙa zamewa a hankali a ƙarƙashin zafi da ja.

Abu na biyu shi ne tsatsa, amma a nan maganar ba ta miƙe kamar ta zafi ba. Ƙarfen zubi yana tsatsa, sai dai kaurinsa da yadda tsatsar ke manne masa suna sa ya daɗe a ƙasa da ruwan daɗi fiye da yadda ake zato, har akwai bututun da aka shimfiɗa wa maɓuɓɓugan fadar Versailles a Faransa tun ƙarni na 17 da suka yi aiki ɗaruruwan shekaru. Haɗarinsa yana cikin wata irin lalacewa mai ɓoye kanta, inda ruwan gishiri ko ƙasa mai tsami suke narkar da baƙin ƙarfen su bar girafayit a tsaye da siffarsa. Bututun zai zama kamar lafiyarsa ƙalau, amma idan aka sa wuƙar aljihu sai ta yanke shi kamar sabulu. Monel, wanda Robert Stanley na kamfanin International Nickel ya samar a shekarar 1905, yana jure ruwan teku mai gudu, Hastelloy C-276, wani gaurayen nikel mai molibdinom da yawa, shi kuma yana tsayawa a cikin asid iri-iri da ke cinye sitil marar tsatsa. Duk da haka nikel ma yana da nasa makashin, wato farar wuta. Idan iska mai farar wuta ta haɗu da nikel a zafi mai yawa, suna samar da wani haɗi da ke narkewa ƙasa da digiri 650, ya bi iyakokin ƙwayoyin ƙarfen ya ruɓar da shi daga ciki. A gefe guda kuma, asid ɗin salfa mai kauri sosai, wanda ake tsoro, ana iya ratsa shi ta bututun ƙarfen zubi na yau da kullum, domin yana yi wa ƙarfen wata fata mai kare shi. Akwai kuma abin da ya kamata mai haɗa ƙarafan biyu a cikin ruwan gishiri ya kiyaye, domin idan suna taɓa juna, ƙarfen zubin ne zai riƙa ciwuwa da sauri yana kare na nikel ɗin. Masu ƙera wancan famfo sun yi lissafin haka da gangan, suka sa ƙarfe mai tsada a siririyar sanda mai shan murɗawa, suka bar ganga mai kauri da faɗi ta ɗauki tsatsar a hankali.

Abin da ya fi faranta mini rai a tarihin waɗannan ƙarafa shi ne yadda nikel ya zama maganin ciwon ƙarfen zubi. Idan aka zuba nikel mai yawa a cikinsa, har zuwa kashi 36 a wasu nau'o'in, ana samun Ni-Resist, ƙarfen zubi mai jerin ƙwayoyi irin na nikel, wanda ke jure ruwan gishiri da zafi, ana kuma sa shi a gurbin zoben fistin na injinan dizal. Nikel kaɗan tare da kuromiyom kuma yana ba da Ni-Hard, farin ƙarfen zubi mai tsananin tauri da ake yin kayan niƙa dutse da shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da kuromiyom ya yi ƙaranci, wani injiniya na kamfanin International Nickel mai suna Keith Millis yana neman abin da zai maye gurbinsa a cikin Ni-Hard, sai ya gwada maganeziyom a shekarar 1943. Da ya duba abin da ya samu, sai ya tarar girafayit ɗin ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwallaye maimakon ɓawo masu kaifi. Ƙwallo ba shi da bakin da tsaga za ta tashi daga gare shi, saboda haka wannan sabon ƙarfen zubi yana kaiwa megafaskal 400 zuwa 900, kuma nau'insa mai taushi yana miƙewa har kashi 18 cikin ɗari. An ba shi takardar mallakar ƙirƙira a 1949, kuma yau da shi ake yin manyan bututun ruwa da sassan injin motoci da dama. Ba kyauta aka samu wannan danƙo ba, domin ƙwallayen ba sa shanye girgiza ko kai zafi kamar yadda ɓawo ke yi, shi ya sa nau'in mai launin toka bai bar faifan birki ba.

Gangar famfon nan ma da nikel aka ɗinke ta. Idan aka yi wa ƙarfen zubi walda da sandar sitil, narkakken ƙarfen yana zuƙo kabon daga gefe ya daskare da tauri da gautsi, yana kuma jan gefunansa yayin da yake hucewa, har a ji ƙarar tsagewa tun kafin a ajiye kayan aiki. Nikel ba ya ɗaure kabon ya zama abu mai tauri, saboda haka ɗinkin da aka yi da sandar nikel kusan zalla, ko wadda nikel ɗinta ya kai kashi 55, yana zama da taushi, yana miƙewa ya bi tsukewar maimakon ya fasa abin da ke kewaye da shi. Mun fafe bakin karayar da giranda, muka ɗumama ɓarin biyu gaba ɗaya, muka riƙa ɗinkawa gajere-gajere, tsawon da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, muna bubbuga kowane ɗinki da ƙaramar guduma tun yana da zafi don ya saki jikinsa. Da muka gama muka binne gangar a cikin busasshen yashi ta kwana tana hucewa. Washegari na sa magagari a kan ɗinkin, ya ci shi cikin sauƙi ba tare da zamewa ba, muka cika gangar da ruwa muka matsa, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Sandar Monel ɗin kuwa mun yi ƙoƙarin miƙar da ita, amma ba ta koma daidai yadda za ta juya ba tare da girgiza ba, dole aka nemo sabuwa.